Ƙwaryar Inna Ta Je Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ba ku bar ni na huta ba. Wanda ya tare ni a bakin sitidiyo sai ya ce, "Lawan, wai da gaske a cinya ka ɗauke ta har Gana?" Wanda ya kira a waya kuwa da dariya yake farawa kafin sallama. To na gaji da maimaitawa. Ga shi nan a rubuce, kowa ya karanta, mai dariya ya yi abarsa a gida. E, a cinya na ɗauke ta, kuma da za a sake, haka zan sake yi.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, ina da ɗan sitidiyon ɗaukar waƙa a Fagge. Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, 'yar gwanjo daga Turai, irin mai akwatin ƙarfen nan da ake turawa ƙarƙashin tebur. A cikinta akwai manhajar kiɗa, a cikin manhajar kuma akwai ƙwaryar Inna.

Inna mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Kiɗan ƙwarya ta yi duk rayuwarta a gidajen biki da suna. Shekarar da ciwon ƙafa ya fara hana ta fita, ni da abokin aikina na lokacin, Fuseni, wani ɗan Zangon Kumasi da ya zauna Kano yana haɗa kiɗa, muka ɗauko ta muka zaunar gaban makirfo. Ta yi ta bugawa tana mana tsiya, wai mun mai da ita 'yar makaranta: buga a hankali, buga da ƙarfi, buga gefe, buga tsakiya. Fuseni ya yanka bugun ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan maɓallan fiyano. Tun daga ranar, in na danna maɓalli hannun Inna ne ke sauka. In na taɓa a hankali ta buga a hankali, in na danna da ƙarfi ta sake hannu. Akwai wani maɓalli can ƙasa ta hagu inda awarwaronta ya taɓa bakin ƙwaryar, ya yi ɗan ƙara, kyal. Fuseni ya so ya goge shi, na hana. Duk waƙar da ta fita daga shagona tana da wannan ƙarar a wani wuri, ko mai waƙar ya sani ko bai sani ba.

Ana nan sai akwatin sauti ya ƙone, wato wanda makirfo ke bi ya shiga kwamfuta. Na sayo sabo, ya ƙi jituwa da ita. Na mayar na karɓo wani, shi ma haka. Duk na kasuwa yanzu sabuwar babbar manhaja suke so, wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, tawa kuwa ta tsufa har masu ita sun daina waiwayarta. Sitidiyo ya tsaya cik. Mawaƙa su leƙo, su gaishe ni, su wuce shagon gaba.

Na kai ta wurin Injiniya Bala a kasuwar waya. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce wurin da ake zaɓar a bar manhajojin da ke ciki ya ƙi dannuwa. Don haka hanya ɗaya ce, a wanke ta tas, a zuba sabuwa, a sake sa manhajar kiɗan. Na ce masa kamfanin da ya yi manhajar ya rufe, mabuɗinta ba ya sake buɗuwa a ko'ina, ƙwaryar kuma a kulle take a ciki. Ainihin ɗaukar da muka yi wa Inna ya bi wani filas na ajiyar bayanan kwamfuta da ya ɓace tun ƙaurarmu daga tsohon shago.

"Haba Lawan," in ji Bala, "ƙwarya fa? Yanzu zan sauko maka da ƙwarya a intanet wadda ta fi wannan tsabta."

"Da awarwaro a ciki?"

"Wane irin awarwaro kuma?"

"Naɗe min kayana."

Shawara kam na sha ta, kuma da yawa daga bakinku ta fito. Wani ya ce in danna kowane maɓalli in ɗauki sautinsa daban. Na gwada, abin da ya fito kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, babu nauyin hannu babu sassaucinsa. Wani ya ce in sayi sabuwar kwamfuta, in jingine wannan a kusurwa ina kunnawa ranar da kewa ta taso. Ni ban haɗa ƙwaryar Inna don kallo ba. Matar da ba ta taɓa zama a biki tana kallon wasu suna kiɗa ba, ba ni zan zaunar da ita a kusurwa ba. Sitidiyon nake so, ƙwaryar nake so, kuma na rantse ba wanda zai sa ni zaɓi ɗaya.

Sai na kira Fuseni, wanda ya daɗe da komawa garinsu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Masa Lawan, kar ka bari kowa ya taɓa shi koraa. Kawo shi Kumasi, ni zan yi." A bakinsu "Masa" maigida ne, "koraa" kuma ko kaɗan. Su can kwamfuta ma "shi" ce, haka mace, haka mota, sai kunnenka ya saba.

Na naɗe ta da wani tsohon zanen Inna, na ƙara bargo, na zura a jakar Gana-mas-go, na sa sabon akwatin sautin a jakar kayana. Rigimar farko a tashar Kano aka yi ta. 'Yan lodi suka ce sai dai ta shiga but, ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce ko ni a sa ni a but, ita kam a'a. Direba ya zo, kamasho ya zo, fasinjoji suka sa baki, na kafe. Daga ƙarshe suka gaji suka bar ni na hau da ita a cinya. Kafin mu kai Lokoja ƙafafuna sun mutu murus. Duk inda aka tsaya salla da ita nake sauka, in jingina ta da gwiwata in yi alwala, in ajiye ta gabana in ta da kabbara. A wani masallacin bakin hanya wani tsoho ya tsaya yana laluben ramin da zai jefa sadaka a jikinta.

A Legas na sauya mota zuwa Akra, Allah ya haɗa ni kujera da Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi mai fataucin turare da atamfa. Tana ganin jakata ta fashe da dariya.

"Ei, Ɗan Kano! Da wannan jakan za ka shiga Gana? Da shi aka koro mu daga ƙasanku, kai kuma ka dawo mana da shi?"

Na ce ai shi ya sa, amana na kawo. Daga nan muka saba. Ita ta koya min cewa iyaka uku ce a gabanmu, kuma a kowace sai an sauka an taka da ƙafa, fasfo a hannu, katin rigakafi a ɗaya hannun. Ni kuwa hannayen biyu duk suna rungume da kwamfuta, sai na riƙa cije fasfon a baki. Ita ta saya min dogon burodin nan na ƙasashen Faransanci, mai tauri kamar sandar makiyayi, ta ce in ci, ba a san ranar isa ba.

A ɗaya daga cikin iyakokin, ba zan faɗi wacce ba, wani jami'i ya ce in buɗe jaka. Ya ga abin da ke ciki, ya kira abokin aikinsa su yi kallo tare. A ganinsu ba mai hankalin da zai ratsa ƙasashe da wannan tsohon ƙarfen sai in ya ɓoye wani abu a cikinsa. Ya ɗauko sukundireba. Na ce ba wanda zai kwance ta sai ni. Na karɓa na kwance murfin da kaina, ya sunkuya ya leƙa, ƙurar Fagge ta shekara da shekaru ta taso masa, ya yi ta atishawa har hularsa ta karkace. Da ya farfaɗo ya tambaya, ta bakin Hajiya Memuna da ke mana tafinta, me ke ciki da nake rungume da ita haka.

Na ce, "Uwata."

Ban san abin da Hajiya ta faɗa masa ba, amma na ga ta ɗora yatsa a gefen kanta tana juyawa. Nan take ya sassauta murya, ya taya ni ɗaure murfin, har da dafa min kafaɗa. Ban ji haushi ba. In hauka ce za ta wuce da ita, na karɓa.

Daga Akra muka kama hanyar Kumasi. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne manyan allunan hotunan mamata a bakin titi. Mu a gida a binne mutum kafin la'asar a zauna zaman makoki a tabarma. Su Asante kuwa, mutanen ƙasar Kumasi, sai a kafa rumfuna, a sa baƙi da ja, a kunna sifikun da suka fi na shagona girma. Na ce a raina, mutanen da ke yi wa mamacinsu wannan hidimar ba za su ga laifin mai ɗauke da ƙwaryar uwarsa ba.

Muna shiga gari na kira Fuseni, sai ga shi yana ba da haƙuri. An matso da ranar wani biki a Tamale, ya tafi ɗauka, sai bayan 'yan kwanaki. Ya ce in sauka gidan kawunsa Alhaji Mumuni, an san da zuwana. Hajiya Memuna ta sa ni a keke, wanda su suke kira faragiya, ta yi wa mai keken kwatance da wata Hausa rabinta Tuwi, yaren Asante, muka rabu.

Zango kam gida ne. Kiran salla, ƙamshin ƙosai, dattawa a benci, tela da kekensa a bakin ƙofa, kamar an yanko wani lungu na Fagge an dasa a tsakiyar ƙasar Asante. Alhaji Mumuni dogon dattijo ne mai sayar da kayan gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai. Gidansa babba ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida. Aka shimfiɗa min tabarma, matarsa Mma Adiza ta kawo ruwa. Sai da na sha sannan ya gyara zama.

"Ɗan Kano, ka zo gida. Kakana a nan ya sauki kakanninka lokacin fataucin goro. Yanzu amaniye. Me ya kawo ka?"

Ya bayyana min cewa al'adar Asante ce suka ara. Ko an san abin da ya kawo baƙo, sai an tambaye shi ya faɗa da bakinsa gaban mutanen gida, daga nan buƙatarsa ta zama ta maigida. Ni kuwa Bakano ne. Wa zai zauna gaban dattijon da bai taɓa gani ba, ga matarsa ga maƙwabta, ya fara zancen uwarsa da awarwaronta? Na sunkuyar da kai na ce, "Gyaran kwamfuta na kawo, Baba Alhaji. Ta tsufa, ana so a sa mata sabuwar manhaja."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ƙaramin abu," in ji shi. Ya miƙa hannu ya jawo jakar. Na riƙe. Ya dube ni da mamaki, ya ce a gidan nan kayan baƙo a ɗakin maigida yake kwana, haka aka yi wa masu goro, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Na duba ɗakin, na ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo, na saki. Tun daga Kano wannan ne karon farko da ta bar hannuna.

Mma Adiza ta ɗauki ciyar da ni tamkar aikin lada. Da safe koko da ƙosai, irin namu sak sai dai citta ta fi yawa. Da rana abin da suke kira wace, shinkafa da wake ce a ganye, amma sai an ɗora mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito, wanda ya sa ni hawaye gaban mutane. Tuwonsu kuwa ruwa-ruwa ne, mu da shi aka kawo mana a Kano sai mu ce bai nuna ba. Ranar da aka yi sakwara na fara tauna, duk tsakar gida aka bushe da dariya, wai haɗiyewa ake yi. Na ce haƙoran nan ba aro na yi ba, na ci gaba da taunata.

Alhaji ya kai ni Magazin in ga gari. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, unguwa guda ba abin da ake ji sai guduma da walda. Na tsaya ina kallon wasu makanikai sun ciro inji daga wata motar da ta ruɓe suna dasa shi a sabon jiki. Na tambayi babbansu me ya sa ba za su sayi sabo ba, ya dube ni kamar na zage shi, ya ce injin lafiyarsa ƙalau, jikin ne ya gaji. Na ji kamar in rungume shi da baƙin mansa.

Amma Fuseni bai dawo ba, hankalina kuma ya ƙi kwanciya. Na rage cin abinci, ina yawan kallon ƙofar ɗakin Alhaji. Ashe dattijon yana lura.

Wata safiya na fita aski. Ina dawowa Mma Adiza ta tare ni da fara'a.

"Ɗana, yau damuwanka ya ƙare. Alhaji ya tafi da kayanka cikin gari, Adum, wurin Kwaku, shi ke gyara masa na shago. Ya ce kar a gaya maka, yana so ka dawo ka ga an gama."

Ban san lokacin da na fita ba. Sai a cikin faragiya na lura silifas ɗin banɗaki ne a ƙafata. Na kira wayar Alhaji, ba a ɗauka ba. Wajen babbar kasuwa hanya ta cushe, na dire na kama gudu, ina tambayar shagon Kwaku mai kwamfuta da Hausa da Turanci da hannu. Mata masu tallan kifi suna kauce min, wani ya biyo ni a guje yana zaton ɓarawo nake bi. Aka nuna min wani bene, na haye.

Ga ta nan a kan tebur, tsirara. Zanen Inna an ninke shi a kan kujera. Alhaji na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana shan lemo. Allon ya yi shuɗi da rubutu a jere, Kwaku kuma, wani mutum mai tabarau da fara'a, hannunsa na kan linzamin kwamfutar.

Ban yi sallama ba. Na hango inda wayoyin wuta suka taru a bango, na cafko na fizge. Ashe duk shagon a nan yake shan wuta. Kwamfutoci suka mutu, fanka ta tsaya, rediyo ya yi shiru.

"Wa ya ce a taɓa min kaya?" Muryata har ƙasan bene. "Wa ya sa ku? Na ratso ƙasa huɗu da ita a cinya don a wanke min ita a nan?"

Kwaku ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Masa, sori, sori, Alhaji ya ce fomat, a wanke shi, a sa sabo." Na tambaye shi ko ya danna maɓallin wankewar. Ya ce yana ganin bai danna ba. Yana gani! Na ce kar wanda ya sake kunna ta.

Alhaji ya ajiye lemonsa a hankali. Mutane sun taru a ƙofa suna kallo.

"Ɗan Kano, na tambaye ka amaniye, ka ce gyara. A gidanmu baƙo ba ya ɗaukan damuwansa da kansa. Abin da ubana ya yi wa baƙinsa shi na yi maka."

Ya tashi ya fita. Na naɗe ta da zanen, na ɗora a ka, na bi titi da silifas ɗin banɗaki har Zango.

Zaman gidan ya yi nauyi. Alhaji ya daina zama inda nake, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Abinci kuwa bai fasa zuwa ba, har ƙaruwa ya yi, wannan ya fi duka ciwo. Ku sani, fizge wayar nan ban yi nadamarsa ba, gobe ma zan fizge. Ɗaga wa dattijo murya gaban bare shi ne ya tsaya min a rai. Ga kuma tsoro. Kwamfutar na kusa da katifata, ban san ko Inna na ciki ko an share ta ba, kuma na kasa kunnawa in gani.

Mma Adiza ce ta same ni ina zaune na zuba wa jakar ido. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Zanen nan na mace ne, kuma tsoho ne. Na wane ne?" A nan bakina ya buɗe. Abin da na kasa faɗa a tabarmar amaniye na faɗa mata duka, har awarwaron. Ta share ido da gefen mayafi ta tashi. Da la'asar na je na durƙusa gaban Alhaji na ba shi haƙurin muryata. Ya ce ya wuce, amma bai dube ni ba.

Fuseni ya dawo ya tarar da labari ya riga shi shiga unguwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kai ni ɗan ɗakin da yake aiki a bayan gidan. Ya haɗa wayoyi ya ce in kunna da hannuna. Na yi bisimilla na danna. Tsohuwar ta yi gurnaninta na kullum, ta yi jim, sai ga fuskarta ta fito yadda na san ta. Kwaku bai danna ba. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Aikin Fuseni ba gaggawa. Ya fara kwafe faifan cikinta kaf a kan wani faifan, ya ce a kan kwafin za mu yi gwaji. A nan ya gano abin da ya hana Bala. Ashe kwamfutar asalinta da Faransanci ta zo, Turancin da nake gani shafa shi aka yi a sama. Duk wanda ya kawo mata sabuwar manhaja ta Turanci sai ta ƙi yarda a bar kayan ciki. Ya nemo ta Faransanci, wurin da ya ƙi dannuwa a Kano ya dannu. Ya ce kuma ta tsufa da yawa, ba za ta iya tsalle ɗaya ba, sai an hau da ita mataki biyu.

Gwajin ya tafi daidai, sai abu ɗaya. A kan kwafin manhajar kiɗan ta ƙi buɗewa, don mabuɗinta ainihin faifan ya sani. Fuseni ya cire tabarau ya dube ni.

"Masa, sai mun yi a kan na gasken. In ya lalace zan iya mayar da komai, amma ban maka alkawari mabuɗin zai yarda ba. Kuma in wuta ya ɗauke a tsakiya, babban wahala ne paa. Ko ka koma da shi haka, ba wanda zai zarge ka."

Na ce ban zo Kumasi don in koma da sitidiyon da ba ya ɗaukar murya ba. A yi.

Washegari da hantsi muna shirin farawa sai muka ji mota a ƙofar gida. Makanikai biyu suka shigo da manyan baturan tirela da na'urar da ke juya su wutar gida. Alhaji na bayansu. Ya nuna musu inda za su ajiye, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin. Duk wanda ya zo gaisuwa ko neman Fuseni, sai ya ce masa ana aiki, ya dawo gobe.

Ni na danna maɓallin farawa. Daga nan sai jira. Ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, tana rubuto mana Faransancin da ba mai ji a cikinmu sai Fuseni kaɗan-kaɗan. Aka yi azahar, aka hau mataki na biyu, aka yi la'asar. Wutar gari kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba, har na ga alamar Alhaji ya ji haushi, yana ta harar ƙwan fitila.

Rana ta yi sanyi sabuwar fuska ta bayyana. Fuseni ya mai da ita Turanci, ya jona sabon akwatin sautin da na zo da shi, fitilarsa ta kama. Ya yi magana a makirfo, muryarsa ta fito a sifika. Rabin aiki ke nan. Ya jona fiyano, ya matsa gefe ya bar min kujera.

Na buɗe manhajar kiɗan. Ta daɗe tana juyi. Sai ta buɗe, ba ta nemi mabuɗi ba. Na ɗora yatsa a tsakiya na taɓa a hankali, ƙwarya ta amsa a hankali. Na danna da ƙarfi, ta sake hannu. Sannan na kai yatsana can ƙasa ta hagu.

Kyal.

Ban iya ɗagowa ba. Na ci gaba da bugawa, irin kiɗan da take buɗe biki da shi, hawaye na zuba a kan maɓallan ban damu da wanda ke kallo ba. Mma Adiza ta saki guɗa daga tsakar gida. Da na tsaya sai na ga Alhaji tsaye a kaina.

"Shi ne tsohuwan?"

"Ita ce, Baba Alhaji."

"Sake buga na ƙarfen."

Na sake. Ya ƙura wa kwamfutar ido, sannan ya girgiza kai.

"Baƙi biyu na sauka, ɗaya kawai na gaisar." Ya gyara hularsa, ya ɗan rusuna wajen kwamfutar. "Hajiya, sannu da zuwa. A yafe mana, ba a gaya mana ba."

Komowa ba ta da labari mai yawa. A cinya na dawo da ita, ƙafafun suka sake mutuwa, jami'in nan mai atishawa ya gane ni ya ɗaga min hannu in wuce. Sitidiyo ya buɗe, mawaƙan da ke wucewa sun fara dawowa, Injiniya Bala ma ya zo ya ji da kunnensa, ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa ban rage komai ba.

Ranar da zan baro Zango, Alhaji ya raka ni tasha da kansa, ya ɗauki jakar a hannunsa, na kuwa bar masa. Da mota za ta tashi ya miƙo min ƙunshin goro biyu ta taga, a naɗe da ganye. Ya ce ɗaya nawa ne. Ɗayan kuma na baƙuwarsa ne, in na isa in raba wa matan da suka yi kiɗa tare da ita, su yi mata addu'a.

Na raba ranar Juma'ar da ta wuce. Tsofaffi uku suka rage, kuma sun ce sai na kawo su sun ji ta.